Hanyar Zurmi Kore Ce a Allo

Na Saliha Banga

Shafi na 23

Da sunan Allah Mai rahama.

Mutanen gidan nan, na ga saƙonninku tun da safe. Wata har ta rantse in ban saki shafi yau ba za ta hawo mota ta same ni a Kaura. Hajiya yi zamanki, hanya ba ta da daɗi, ga shi na kawo miki har ɗaki. Masu zagin Nazifa kuma ku ɗan sassauta, ku bari ku ji ta bakinta.

*

Wata takwas Nazifa tana aiki a kamfanin taki na Zangon Alheri, ba ta taɓa ganin an share siton Kaura kamar yau Litinin ba. Har tsohon sikelin da ke bakin ƙofa sai da aka goge. Manaja Mainasara ya zuba babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, sai kai da komowa yake yana share zufa. Babban manaja ne ya zo daga Kano, Alhaji Ubaidullahi, wanda kowa ya san muryarsa a waya amma ba a san fuskarsa ba.

Aikin Nazifa a baki ba shi da wuya. Kowace motar kamfani akwai 'yar na'ura a ɓoye ƙarƙashin sitiyari, ita ke nuna inda motar take. A allon kwamfutarta kowace mota ɗigo ce, kowace hanya layi. Muddin ɗigo na bin layinsa, kore ne. In ya tsaya fiye da minti goma, ko ya kauce, sai ya koma ja. Da yamma ita ke haɗa rahoto ta tura Kano.

Ɗigo mai lamba tara kuwa mijinta ne, Sirajo, baban 'yarta Lami. Tun ƙarfe tara ya fita da buhunan taki, zai sauke rabi a Zurmi ya wuce da sauran Gurbin Bore.

Sha ɗaya da 'yan mintoci Alhaji Ubaidullahi ya shigo ɗan ofishinta, Manaja na biye da shi. Siriri ne mai farin gilashi, maganarsa a hankali. Ya ja kujerar roba ya zauna gefen teburinta.

"Ke ce Malama Nazifa?"

Ta rusuna. "Ni ce, ranka ya daɗe. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Zauna mana. Saboda ke na zo."

Ta zauna a ɗofane. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ya ce, "Kin san ban taɓa zuwa Zurmi ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ko sau ɗaya. Sito goma sha ɗaya gare mu, ni kuma mutum ɗaya ne. To ga yadda nake yi. Duk shekara nakan zaɓi abu guda, in riƙa tambayarsa kowace Litinin. Ba faɗa, ba zagi, tambaya kawai. Bara nauyin buhu na riƙe. Wata biyu ba a yi ba, babu siton da bai gyara sikelinsa ba. Ko ba haka aka yi ba, Mainasara?"

"Hakanan na, ranka shi daɗe. Hakanan anka yi."

"Bana hanya na riƙe. Mota ta fita, ta bi layinta, ta isa a kan lokaci. In shugaba ya kafa ido a wuri, can kowa zai kai ƙafarsa. Daga abin da allon nan ya nuna min nake sanin inda kamfani zai shiga da inda zai fita."

Ya buɗe jakarsa ya fito da takarda mai taswira ya shimfiɗa. Hanyar Shinkafi ja ce jawur. Hanyar Zurmi zuwa Gurbin Bore kuwa kore shar, babu ko ɗigon ja.

"Kin gani? Shinkafi kullum tsayawa, kullum kaucewa, shi ya sa na rufe siton can. Amma ku, wata biyar cur, ko mota ɗaya ba ta bar layi ba. Mutane na ta cewa hanyar Zurmi ba ta biyuwa. Na ce musu ni ba na aiki da jita-jita, ga takarda."

Manaja ya washe baki har kunne.

Nazifa ta sunkuyar da kai. Wannan koren ba hanya ce ta yi shi ba, ita ta yi shi da yatsanta.

"Saboda haka," in ji Alhaji, "motoci goma sha biyun da muka janye daga Shinkafi, duk nan za su dawo. Za mu buɗe sito a Gurbin Bore kafin a gama shuka. Ke kuma za ki riƙe allon yankin gaba ɗaya."

"Masha Allah!" Manaja ya ɗaga hannu. "Nazifa, ba ki godiya?"

"Na gode, ranka ya daɗe."

A ranta tana cewa, bari ya tafi, in ya so daga baya ta san yadda za ta warware a hankali. Haka mai ƙarya yake, kullum yana ganin akwai sauran lokaci.

Alhaji ya gyara gilashinsa.

"Saura abu ɗaya, kuma a ɗakin nan zai tsaya. Watan jiya wani direbanmu na Kano ya karkatar da mota guda ya sayar da takin. To mun sa wa na'urorin nan makulli. Daga yau duk motar da ta bar layinta da mita ɗari biyar, inji zai mutu da kansa. Ba zai sake tashi ba sai an buɗe shi daga Kano."

Biron da ke hannun Nazifa ya faɗi ƙasa.

"Daga yau?"

"Tun ƙarfe bakwai na safe, suna cikin sito aka tura musu. Da ku muka fara gwaji. Da a wani wuri ne da na ji tsoro, amma direbobinku ai ba sa kaucewa."

"Direbobin sun sani?"

Ya yi ɗan murmushi. "In ɓera ya san inda tarko yake, me aka yi kenan?"

Ta juya ta kalli allo. Idonta bai nemi komai ba sai lamba tara. Yana can bayan Zurmi, a Kwanar Marke, a tsaye. Ya riga ya koma ja. Saƙon ƙarshe da na'urar ta aiko, sha ɗaya saura minti takwas.

Tsoro ta ji irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Alhaji ya bi idonta da kallo. "Wannan jan fa?"

Manaja ya yi caraf. "Sabis na, ranka shi daɗe. Wajen nan sabis ka wasa. Yanzu ta gyara shi."

"Ba sabis na ba."

Ita kanta ba ta san ta faɗa ba. Hausar ofis ɗin da take ta lallaɓawa tun shigowarsa ta gudu, ta gidansu ta dawo.

"Me kika ce?"

Ta zame daga kujera ta durƙusa a kan siminti.

"Ranka shi daɗe, don Allah a kashe makullin ga yanzu. Don darajar iyayenka. In an kashe ka yi mani duk abin da kag ga dama."

"Nazifa!" Manaja ya zaro ido. "Kin yi hauka? Mi as same ki?"

"Ƙyale ta." Murmushin Alhaji ya ɗauke. "Tashi ki yi min bayani."

Ba ta tashi ba.

"Suna kaucewa. Kullum suna kaucewa. Babu satin da za shi hita ba su bar layi ba."

"To ina yake a rahoto?"

"Ni ka goge shi."

"Ta yaya?"

"In ja ya hito, akwai wurin da aka zaɓen dalili. In niz zaɓi kuskuren sabis, sai shi ɓace, ba shi shiga rahoto. Shi nika zaɓa."

"Sau nawa?"

"Ɗari biyu da sha huɗu."

"Inna lillahi!" Manaja ya dafe kai. "Wallahi ranka shi daɗe ban sani ba. Ni hannu kawai nika sawa."

"Hannu kawai kake sawa." Alhaji ya maimaita ba tare da ya dube shi ba. Ya cire gilashinsa ya ajiye a kan taswirar. "Malama Nazifa, kin san me kika yi? Na tsaya gaban masu kamfanin nan na ce hanyar nan lafiya lau take. Da takardarki na tsaya."

"Na sani. Na yi laihi. Amma mijina na bisa hanyag ga yanzu. Lamba tara."

Ya kalli allon, ya kalle ta.

"In ba sata suke ba, me ke kai su barin layi?"

Kuka ya ci ƙarfinta, ta kasa haɗa magana. Manaja ya leƙa taga ya ƙwala kira.

"Baba Tsoho! Baba Tsoho! Taho maza!"

Baba Tsoho shi ne shugaban direbobin siton. Shekara talatin da wani abu yana bin hanyoyin nan, tun ana ɗora gyaɗa a jirgin ƙasan Kaura, sai bara da idonsa ya yi rauni ya ajiye sitiyari. Ya shigo da goro a kunci, ya ga Nazifa a ƙasa, ya ga fuskar baƙo. Bai tambayi komai ba, ya gane.

"Asiri ya tonu ke nan, ɗiyata?"

"Baba, sun sa ma motoci makulli. In sunka bar layi inji mutuwa za shi yi. Baban Lami na Kwanar Marke."

Tsohon ya daina tauna goron.

"Tun yaushe shika tsaye?"

"Kusan rabin awa."

"La haula wala ƙuwwata illa billah."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Malam, ni ba na son kuka da salati, bayani nake so. Me ke Kwanar Marke?"

"Mai shayi na, Alhaji, da itacen marke guda."

"To me direba zai tsaya yi wurin mai shayi da kayan kamfani?"

"Sauraren hanya."

"Sauraren me?"

Baba Tsoho ya tofar da goron a tafin hannunsa.

"Alhaji, daga kwanar nan zuwa Gurbin Bore daji na. Babu direban da ka shiga sai ya ga mota ta hito daga gaba. In ta hito, mai ita shi ɗaga maka hannu, ka san lahiya, ka wuce. In kaz zamna minti ashirin babu mota, babu mashin, kuma mata masu nono ba su hito bakin titi ba, to hanya ba ta da lahiya. Mutanen daji sun tare."

"Sai a yi yaya?"

"In da hali ka juyo Zurmi. In kaj ji ƙarar mashina ta bayanka, babu juyawa. Akwai wata hanya, burtalin shanu, ta hannun dama, ta bi cikin gonaki ta kai Tungar Maƙera. Nan muka shigewa da mota, mu laɓe bayan rumbuna har su wuce. Mutanen garin sun san mu. Wannan burtali ita ta tsare rayukan yaran nan wata biyar, ba allonka ba."

"Nisanta daga titi?"

"Ta kai kilomita ukku."

Kowa a ɗakin ya san mita ɗari biyar ba ta wuce ko gonar farko ba. Fili ne fetal a wurin, gero bai kai gwiwa ba.

Alhaji ya zaro wayarsa. Yatsansa ya ɓata lamba sau biyu kafin ya samu.

"Injiniya, ka cire makullin motocin Kaura. Duka. Yanzu."

Ya sa wayar a amsa-kuwwa. Muryar injiniyan ta fito daga Kano, hankalinsa kwance.

"Yallaɓai, lafiya? Ai jiya muka gama..."

"Ban tambaye ka ba. Cire."

Aka ji ƙarar danne-danne.

"Sha uku sun karɓa, yallaɓai. Lamba tara ce ba ta karɓa ba. Babu sabis a inda take."

"To in babu sabis ai makullin ma ba zai yi aiki ba."

"A'a yallaɓai, zai yi. Layin yana cikin na'urar, ita da kanta take kashewa. Haka ka ce a yi, don kar ɓarawo ya shiga inda babu sabis ya tsira. Buɗewar ce sai saƙo ya shiga."

Alhaji ya runtse ido.

"Ka ci gaba da turawa. Kar ka ajiye wayar nan."

Nazifa ta riga ta ɗauko tata. Ta kira Sirajo. Ba ta shiga. Ta sake kira. Matar nan ta cikin waya ta sake gaya mata ba a samun lambar, da muryarta mai sanyi kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Sau bakwai tana kira.

"Baba, ba ta shiga."

"Bari in biɗi mai shayi. Akwai tudu bayan rumfarshi, in ya hau yana samun sanda guda ta sabis."

Tsohon ya kawo wayarsa dab da ido yana laluben lamba. Ita ma ba ta shiga ba. Ya ce za ta shiga, a dai yi ta gwadawa.

Alhaji ya juyo kan Nazifa. Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta canza.

"Me ya sa ba ki rubuto min wannan ba? Layi biyu. Ranka ya daɗe, direbobi na kaucewa saboda 'yan bindiga. Shi kenan. Kowace Litinin ina tambaya. Kowace Litinin ana ce min lafiya lau."

Ta share fuskarta da gefen hijabi.

"Faruk ya rubuta."

"Wane Faruk?"

"Mai riƙe allon Shinkafi. Ajinmu guda a makaranta. Shi bai taɓa goge komi ba. Duk jan da ya hito haka shika tura shi, har da dalili. Wata ukku, kunka ruhe siton. Direba sha biyu, 'yan dako, masu gadi, shi kanshi. Yanzu cajin waya shika yi bakin kasuwa."

"Ni na rufe Shinkafi ne don kar a kashe min mutane!"

Karon farko kenan da ya ɗaga murya. Har Manaja sai da ya ja da baya.

Baba Tsoho ya ɗago kai daga wayarsa.

"Wa kag gaya ma haka, Alhaji?"

"Kamar yaya?"

"Mu takarda munka gani manne ga ƙofa, an ruhe saboda rashin cika ƙa'idar lokaci. Abin da munka karanta ke nan. Wanda yaf faɗi gaskiya an ruhe mai sito. To wanda yag ga gemun ɗan'uwanshi ya kama da wuta, mi za shi yi? Mu munka zo munka roƙi yarinyag ga. Ni da bakina nic ce mata, ɗiyata, ki ruhe muna asiri, gidaje sha huɗu ka ci daga motocin ga. In laihi na, nawa ya hi nata."

Alhaji ya koma ya zauna a kujerar robar, ya zuba wa taswirar ido.

Ni dai ban san wa zan ba laifi ba a nan. Shi yana can yana kallon kore yana murna mutanensa na cikin aminci. Su suna nan suna shafa masa koren don kar ya raba su da abincinsu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, kuma Sirajo ne a bakin ramin.

Wayar Baba Tsoho ta yi ƙara. Ya ɗaga da sauri har ta kusa suɓucewa.

"Mai shayi! Kana ji na? Motarmu na nan? Ta Sirajo?"

Muryar na yankewa tana dawowa, ga haki, da alama gudu mutumin yake.

"Baba... tun sahe babu abin da yah hito daga gaba... mun watse... mashina ta baya, sun hi ashirin..."

"Sirajo fa? Ka ce mai kar shi shiga burtali! Shi bar motar shi bi ku da ƙahwa!"

"Ya riga ya tada... ga shi can ya karya kwana..."

Layin ya yanke.

Nazifa ta dafa tebur ta miƙe.

"Injiniya!" Alhaji ya ɗauki wayarsa da hannu biyu. "Ya shiga?"

"Bai shiga ba, yallaɓai. Yana kan layi yana jira."

"Sake turawa!"

"Sau goma sha ɗaya na tura."

Sai allon ya yi ƙyaf. Ɗigo mai lamba tara ya yi tsalle daga Kwanar Marke ya bayyana a gefen dama na layi. Ya samu sabis na ƙiftawar ido. A ƙarƙashinsa wasu ƙananan lambobi suka fito, nisan da ya yi daga titi.

Ɗari uku da goma.

"Ga sabis! Ga sabis nan! Tura yanzu!" in ji Alhaji.

"Ina turawa, yallaɓai, na'urar sai ta gama aiko nata kafin ta karɓi namu..."

Ɗari uku da casa'in.

"Tsaya," Nazifa ta ce wa allon. Ta kifa tafin hannunta a kansa. "Baban Lami tsaya. Don Allah tsaya nan."

Ɗari huɗu da sittin.

Baba Tsoho na ta jan Hasbunallahu. Manaja ya tsuguna a bakin ƙofa, babbar rigar ta sha ƙasa.

Lambobin suka daskare. Sabis ya sake ɗaukewa.

Minti ɗaya. Minti biyu.

Wayar Nazifa ta ɗauki ruri a kan tebur. Sunan da ta sa masa ne a jiki, Baban Lami. Ta fizge ta.

"Baban Lami! Kana ina?"

"Nazifa, kina ji na?" Muryarsa na rawa, amma yana ƙoƙarin danne ta. "Na hau bisa kan mota na samu sanda guda. Motag ga ta mace mani tsakiyar hili. Na yi na yi ta ƙi tashi. Mai na nan, batir lahiya lau. Kina ganin wani abu ga allonki?"

"Ka sauka ka gudu! Bar ta! Makulli anka sa mata daga Kano!"

"Mi? Ba ni jin ki sosai."

"Nic ce ka gudu!"

"In gudu in tai ina? Hili na ko'ina, sun gan ni. In ta tashi ina kai Tunga kahin su iso, rairayi na riƙe mashinansu. Ke dai gyara mani awa yadda kis saba. Danna abin nan naki."

Ta kalli allon. Ta kalli wurin da take danna kuskuren sabis kullum da yamma. Yana nan, amma yau ba abin da zai yi.

"Ba ni iyawa. Wanga ba hannuna shike ba."

"Kina iyawa mana. Wata biyar ke ka yi. Yi sauri Nazifa, don Allah."

Alhaji ya karɓe wayar daga hannunta, ya sa a amsa-kuwwa.

"Sirajo, Ubaidullahi ne, babban manaja. Ka bar motar da kayan, na yafe. Ka ji? Na yafe! Ka tsira da ranka!"

Ba a san ko ya ji ba. Abin da ya cika wayar ƙarar mashina ce, da farko can nesa, sai ta yi ta matsowa har ta rufe komai. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru.

Aka ji Sirajo yana cewa, "Assalamu alaikum. Direba na ni. Taki na, babu komi ciki sai taki."

Wata murya ta ce, "Sabko."

Aka ji dirarsa a ƙasa.

"Tada ta."

"Wallahi ta mace. Ba ta tashi."

"Mota sabuwa? Wasa kaka yi da mu?"

"Na rantse da Allah, ku gwada da kanku."

Nazifa ta cusa hijabinta a baki don kar ihunta ya shiga wayar. Baba Tsoho ya riƙe gefen tebur. Aka ji an buɗe ƙofar mota.

"In tat tashi," in ji muryar, "ka san ka yi muna ƙarya."

A daidai lokacin muryar injiniya ta fito daga ɗaya wayar, cike da murna.

"Alhamdu lillahi, yallaɓai! Ya shiga! Saƙon ya shiga, an buɗe!"

"A'a!" Alhaji ya yi tsawa. "Mayar! Mayar da makullin!"

Kafin ya rufe baki, daga wayar Nazifa suka ji an murɗa makulli. Inji ya tashi tar, bugu ɗaya.

Kiran ya yanke.

A allo ɗigo mai lamba tara ya motsa. Ba Tungar Maƙera ya nufa ba, ba Zurmi ba. Ya juya gabas, inda taswirar ba ta da layi ko sunan gari, ya fara tafiya.

Nazifa ta matso har goshinta na taɓa allon.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai kas san tuƙinshi. Duba mani. Shi na ka tuƙi?"